Lokuta Huɗu na Vivaldi: Wane Faifai Ya Kamata A Fara Da Shi?

Duk wanda ya rubuta sunan Vivaldi a manhajar sauraron kiɗa, ko ya tsaya gaban kantar faifai yana neman kiɗansa da ake kira Lokuta Huɗu, abin da zai fara ruɗa shi shi ne yawa. An naɗi wannan kiɗa sau ɗaruruwa, kuma da dama daga cikin manyan masu goge sun koma sun sake naɗarsa karo na biyu bayan ra'ayinsu ya sauya. Faifan da na fara mallaka irin mai arahar nan ne da aka yi wa bango da hoton itatuwa, babu sunan mai goge, babu sunan ƙungiyar makaɗa, balle shekarar da aka naɗa. Na daɗe ina sauraronsa ina ɗauka cewa Vivaldi mutum ne mai tsara kiɗan rage shiru, irin wanda ake sakawa a ɗakin jira. Sai ranar da na ji wani naɗin dabam na gane cewa shekara da shekaru akwai kare yana haushi a cikin kiɗan nan, ni kuwa ban taɓa jin sa ba, domin makaɗan faifaina sun rufe masa baki.

Kafin a zo kan karen, ya kamata a san abin da ake saye. Antonio Vivaldi limamin coci ne kuma gwanin goge, wanda aka haifa a Benis ta ƙasar Italiya a 1678, ya rasu a Biyana a 1741, kuma ya yi shekaru masu yawa yana koyar da kiɗa a gidan renon 'yan mata marayu da ake kira Pietà. An buga Lokuta Huɗu a Amstadam a 1725, a matsayin huɗun farko na wani kundi mai ɗauke da konceto 12, wanda ya sadaukar ga wani basarake mai suna Morzin. Konceto shi ne kiɗan da goge ɗaya ke jagora, sauran makaɗa suna amsa masa, wani lokaci suna tallafa masa, wani lokaci suna ja da shi. Kowanne daga cikin huɗun yana da kashi uku, mai sauri da mai natsuwa sannan mai sauri, kuma dukansu ba su cika wuce minti 40 da 'yan kai ba. Lokutan shekarar da ake nufi su ne na arewacin Italiya: lokacin toho, lokacin zafi, kaka, da hunturu mai ƙanƙara.

Abin da ya bambanta wannan aiki da ɗaruruwan konceton da Vivaldi ya rubuta shi ne an buga shi tare da waƙoƙi huɗu masu layi 14 kowacce, kuma an bi takardun makaɗa an sanya alamun da ke nuna wane layi ne ya dace da wane wuri. Akwai inda aka rubuta cewa nan tsuntsaye ne ke kuka, nan ƙudaje ne suka hana makiyayi barci, nan mashayi ne ke tangaɗi, nan kuma haƙora ne ke kaɗawa saboda sanyi. Ke nan labari ne ake bayarwa da tsirkiya, kuma ma'aunina na kowane faifai shi ne ko makaɗan sun yarda su ba da labarin, ko kuwa sun ji kunyarsa sun lulluɓe shi da daɗin sauti.

Hanya mafi sauƙi ta gane haka ita ce a tsallake farkon faifan, wanda kowa ya haddace kuma kusan kowa ke kaɗa shi da kyau, a tafi kai tsaye kashi na biyu na konceton toho. A nan Vivaldi ya jera abubuwa uku a lokaci guda. Gogen jagora yana rera doguwar murya mai taushi, shi ne makiyayin awaki da barci ya kwashe. Sauran goguna suna raɗa ƙasa-ƙasa, su ne ganyayen da iska ke kaɗawa. Sannan biyola, wato gogen da ya ɗan fi girma kuma ya fi kaurin murya, tana buga sauti biyu, gajere da dogo, tana maimaitawa daga farko har ƙarshe, ita ce karen makiyayin, kuma umarnin da aka rubuta mata shi ne ta kaɗa da ƙarfi ƙwarai, kamar ana fizgar tsirkiya. Babu manyan goguna masu kaurin murya a wannan kashi ko kaɗan, saboda haka babu inda kare zai ɓuya. Idan aka ji shi yana katse barcin har ya ɗan dami kunne, to makaɗan sun karanta takardarsu. Idan kuwa sautin biyu ya zama wani lallausan numfashi a bayan fage, an san irin faifan da aka riƙe. Wannan gwaji bai wuce minti uku ba, kuma ya fi duk abin da aka rubuta a bayan bango faɗin gaskiya.

Tsofaffin naɗe-naɗen da suka fito da aikin a idon duniya yawancinsu ba su cin wannan jarrabawa, amma rashin adalci ne a yi watsi da su saboda haka. Ƙungiyar I Musici ta birnin Rum, wadda ke kaɗawa ba tare da madugu mai tsayawa a gaba ba, ta naɗa da Felix Ayo a 1955, ta sake da shi a 1959 da sabuwar fasahar da ke raba sauti dama da hagu, kuma wannan na biyun ne ya shiga gidaje bila adadin. Gogen Ayo yana da zaƙi, saurinsu matsakaici ne, kuma komai yana tafiya cikin ladabi kamar ba a son a tayar da maƙwabta. Guguwar da ke rufe konceton zafi, wadda waƙar ta ce tana sauke ƙanƙara tana karya kan hatsi, a hannunsu ruwa ne mai ƙarfi da mutum ke kallo ta taga. Duk da haka akwai wata natsuwa a kashinsu na tsakiya wadda ba kasafai ake samunta a faifan zamani ba, kuma wanda ke son kiɗan da zai zauna da shi da dare ba zai yi da-na-sani ba.

A cikin wannan zuriya, wanda na fi ganin ƙimarsa shi ne na Neville Marriner da ƙungiyarsa ta Academy of St Martin in the Fields, wanda aka naɗa a Landan a 1969, Alan Loveday yana riƙe da gogen jagora. Kayan kiɗansu na zamani ne, amma hannunsu ba shi da nauyi, kuma sun fahimci cewa akwai raha a cikin aikin. Babban abin da ya ɗaga wannan faifai shi ne Simon Preston, wanda ke zaune a kan hafsikod da ogan, wato kayan kiɗan coci mai maɓallai da bututun iska. Hafsikod kayan kiɗa ne mai maɓallai kamar piyano, sai dai tsinkar wayoyinsa yake yi maimakon dukansu, kuma a kiɗan zamanin Barok, wato zamanin su Vivaldi, ba a rubuta wa mai kaɗa shi komai da komai, sai a ba shi ginshiƙi a bar masa sauran ya cike da basirarsa. A kashi na biyu na konceton kaka, inda manoma suka sha giyar inabi suka ɓingire da barci, goguna duka an danne muryarsu suna jan dogayen sautuka, kusan duk motsin da ake ji daga hafsikod yake fitowa. Mai kaɗawa marar tunani zai yi ta hawa da sauka kamar mai ƙirga matakala har minti biyu su wuce. Preston kuwa yana sa wurin ya zama kamar mafarkin da ke yawo a kan wanda ya bugu. Bayan fiye da shekara 50, faifan bai tsufa ba.

Na Herbert von Karajan da Anne-Sophie Mutter, wanda aka yi da makaɗan Biyana a 1984, ba zan daɗe a kansa ba. Gogen Mutter abin sha'awa ne, amma taron makaɗan ya yi wa kiɗan yawa, kamar an sa wa yaro babbar riga, kuma ganyayen da ya kamata su yi raɗa sun zama katifa.

Sauyin gaske ya zo ne daga masu komawa ga kayan kiɗa irin na zamanin Vivaldi. Su suna ɗaura tsirkiyar hanji maimakon ta ƙarfe, suna amfani da baka mai gajarta da rashin nauyi wanda ke sa kowane sauti ya fito da bakinsa ya kuma mutu da wuri, suna rage karkarwar yatsa da masu gogen zamani ke yi a kan kusan kowane sauti, kuma da yawansu suna ɗaure tsirkiya ƙasa kaɗan, a kan kaɗawa 415 a daƙiƙa maimakon 440 da aka saba. Wanda ya saba da faifan zamani zai ji kamar an sauke kiɗan rabin mataki, kuma haka ɗin ne. Nikolaus Harnoncourt da matarsa Alice, wadda ta riƙe gogen jagora, sun fito da nasu a 1977, suka nuna cewa sanyin hunturu yana iya zama abu mai ƙaiƙayi a kunne. Trevor Pinnock da Simon Standage, a farkon shekarun 1980, sun bi hanya mafi tsabta da daidaito. Nasu faifai ne da ba za a kama shi da laifi ba, kuma na sha ba da shawararsa ga masu tsoron tsohon goge, ko da yake idan na saurare shi yanzu nakan ji kamar an share gidan an goge kafin baƙi su iso, har ƙurar da labarin ke buƙata ma an kwashe.

A tsakiyar wannan zamani ne na Nigel Kennedy da English Chamber Orchestra ya fito a 1989, ya sayar da kwafi fiye da miliyan 2, abin da ba a saba gani ba a irin wannan kiɗa. Ya cancanci yabo domin ya jawo mutanen da ba su taɓa kusantar Vivaldi ba, kuma kasassansa masu sauri suna da wuta. Matsalata da shi ita ce ƙare-ƙaren da ya cusa, musamman baƙin sautukan da ya shimfiɗa a wuraren natsuwa, waɗanda ke ba da mamaki a ji na farko amma su zama abin jira a wuce a ji na biyar. A can Kennedy ake sauraro fiye da Vivaldi.

Sai Italiyawa suka karɓe kayansu. Fabio Biondi da ƙungiyar Europa Galante sun naɗa a 1991, sannan Il Giardino Armonico ta birnin Milan, ƙarƙashin Giovanni Antonini tare da Enrico Onofri a kan goge, ta fito da nata a 1994. Wannan na biyun shi ne faifan da ya fara jiyar da ni karen, kuma har yau ina tuna yadda na mayar da wurin baya sau uku ina zaton wani abu ne ya lalace a lasifika. A farkon hunturu suna goga baka dab da ɗan katakon da ke tallafe da tsirkiyoyi, sai sautin ya fito a bushe yana ƙara kamar ana taka ƙanƙara, babu ko ɗigon zaƙi a cikinsa. A farautar da ke rufe kaka, harbin bindiga yana fitowa kamar an fasa wani abu a ɗakin. Wannan naɗi ne mai ƙarfin hali, kuma duk mai son aikin ya kamata ya ji shi ko sau ɗaya. Sai dai ba zan ce a fara da shi ba, saboda suna ja da saki da lokaci ƙwarai, su tsaya cak inda ba a zata ba, su zabura inda ake jiran su taka a hankali, har wanda bai riga ya san hanyar ba zai iya kasa gane inda aka dosa. Shi ma Biondi ya koma ya naɗi kundin 12 gaba ɗaya wajen shekara goma bayan na farko, yana dogaro da kwafe-kwafen hannu, ciki har da wanda ke ajiye a ɗakin karatu na Manchesta a Ingila, wanda ya saɓa da bugun Amstadam a wurare da dama. Wanda ya haddace aikin zai ji daɗin farautar waɗannan bambance-bambance, amma sabon shiga ba zai ma lura da su ba.

Faifan da nake miƙa wa duk wanda ya ce guda ɗaya kawai zai saya shi ne na Giuliano Carmignola da Venice Baroque Orchestra ƙarƙashin Andrea Marcon, wanda kamfanin Sony ya fitar a 2000. Dalilina shi ne ya haɗa abu biyu da sauran suka raba. Labarin yana nan cikakke: kare yana haushi, ƙudaje suna damun mai barci, tsawa tana katse shi ba sallama. Amma Carmignola bai taɓa sayar da kyan muryar gogensa domin ya burge ba. A kashin farko na konceton zafi, bayan kukan tsuntsun kuku da na kurciya, akwai wurin da makiyayi ke kuka saboda tsoron hadarin da ke tafe, inda aka bar gogen jagora da mai kaurin murya su kaɗai. Da yawa suna wuce wurin a gurguje domin su isa guguwa. Shi kuwa yana tsayawa ya ja kowane sauti kamar mai magana da kansa, ta yadda idan guguwar ta iso a kashi na uku, da saurin da ke sa mutum ya riƙe numfashi, an riga an san wanda za ta faɗa wa. Wannan shi ne abin da nake nufi da ba da labari, kuma ban san wani faifan da ya yi shi da wannan cikar ba.

Haka kuma a tsakiyar hunturu, wurin da ya fi kowane shahara bayan farkon toho, inda mutum ke zaune gefen wuta ruwa na zuba a waje. Goguna suna tsinkar tsirkiya da yatsa, su ne ɗigon ruwan, gogen jagora kuma yana rera waƙar jin daɗi. Tsofaffin makaɗa sukan ja wannan kashi su mai da shi addu'a. Carmignola yana tafiya da shi da ɗan hanzari, yana yi wa waƙar ado idan ta maimaitu kamar yadda masu gogen wancan zamani suka saba, sai ruwan ya zama ruwa na gaske mai sauka a kan rufi. Aibin da zan ambata shi ne ɗakin da aka naɗa yana da amsa-kuwwa, kuma a ƙaramar lasifika manyan goguna sukan cakuɗe a wuraren sauri. Da abin saƙalawa a kunne matsalar tana raguwa sosai. An kuma cike faifan da wasu konceto uku na Vivaldi waɗanda ba a taɓa naɗa ba kafin lokacin, kuma ba cikon banza ba ne. A kula, Carmignola yana da wani naɗin da ya riga wannan, tare da ƙungiyar Sonatori de la Gioiosa Marca, wanda wasu masu sauraro suka fi so saboda ya fi sakewa; kowanne aka samu ba a yi asara ba, amma na Marcon nake nufi.

Akwai wata hanya ta uku da ta yi ƙarfi a shekarun baya-bayan nan, wato a ba kowane layi makaɗi ɗaya tak. Janine Jansen ta yi haka a 2004 da mutum takwas har da ita, mahaifinta yana kan hafsikod da ogan, ɗan'uwanta yana kan celo, wato babban goge mai kaurin murya, kayan kiɗansu na zamani amma an haɗa da doguwar garayar Turai mai suna tiyobo. Da yake biyola ɗaya ce, kuma a hannun Julian Rachlin take, karen ya zama kare guda mai hali nasa. Rachel Podger da Brecon Baroque sun bi wannan tsari a 2018 da tsofaffin kaya, kuma ta fuskar tsabtar ɗaukar sauti nasu yana cikin mafi kyau da na ji: ana iya nuna inda kowane makaɗi yake zaune. Podger ba ta da zafin Italiyawa, hankalinta ya fi karkata ga hirar da ke tsakanin makaɗa, kuma murmushi ya fi yawa a kiɗanta fiye da tsoro. Abin da ake rasawa a wannan tsari shi ne nauyi, domin mutum takwas ba za su iya saukar da hadarin da mutum 15 za su saukar ba, komai ƙwarewarsu. Idan za a ƙara faifai na biyu bayan Carmignola, tsakanin Podger da Marriner nake sa mutum ya zaɓa, gwargwadon ko kunnensa ya karɓi tsirkiyar hanji ko bai karɓa ba.

Saura gargaɗi ga mai nema a intanet, domin a nan ne aka fi yin kuskure. Sunan ƙungiya kaɗai ba ya isa. I Musici ta naɗi aikin nan sau da yawa da masu goge dabam-dabam, ciki har da Roberto Michelucci a 1969 da Pina Carmirelli a 1982, kuma kamfanoni sukan sake fitar da tsohon naɗi da sabon bango da sabuwar shekara, ta yadda abin da aka rubuta 2010 a kansa yana iya zama aikin 1959. Mutter ma ta sake nata a 1999 da makaɗan Trondheim, kuma ya yi nisa da na Karajan kamar ba mutum ɗaya ba ce. Saboda haka a duba sunan mai gogen jagora, a kuma nemi shekarar da aka naɗa, ba wadda aka sake bugawa ba. Sannan idan aka ga sunan Max Richter kusa da na Vivaldi, a san cewa wannan sabon tsari ne da ya fito a 2012 tare da Daniel Hope, inda Richter ya zubar da mafi yawan abin da Vivaldi ya rubuta, ya ɗauki gutsattsari yana jujjuya su. Aiki ne mai kyau a karan kansa, amma na ga wanda ya saye shi yana zaton na asali ne, ya zauna yana jiran kashi na biyu na toho domin ya gwada abin da na faɗa masa game da biyola.